Ranar Rufe Kasuwa

Ƙarshen Yuli a Cleveland, shagon faci a titin Lorain.
Fanka na tuƙa zafi kamar tuwon da ya ƙi nuna.
Rediyon da ke bisa durom ɗin baƙin mai
ya yi gyaran murya, ya ce an sallama Ostrowski.

Wendell ya ajiye sifana a hankali,
irin ajiyewar wanda aka yi wa rasuwa.
Shekara goma sha ɗaya, in ji shi,
mutumin nan na tsugune yana cafke mana ƙwallo,
yatsunsa duk sun karkace kamar saiwar rogo,
yau an ba da shi kan yara biyu
da ko gemu ba su fara ba.

A besbol akwai wani faranti da suke kira gida,
shi kuwa a bayansa yake tsugunawa.
Ranar da na fassara wa matata aikinsa
sai da ta yi dariya har da riƙe ciki.
Yau ban ga wurin dariya ba.

Eusebio ya leƙo daga ƙarƙashin mota:
Gwiwoyinsa sun ƙare, malam!
In ya ɗaga kulki sau goma, biyu yake samu.
Yaron da aka karɓo, bahago ne,
jifarsa ta fi motar nan gudu.
Ka ba shi shekara uku ka gani.

Shekara uku! Wendell ya buga taya da tafin hannu.
Tun ina da gashi ake ce mini shekara uku.
Ubana ya jira, an binne shi da hular kulob.

Suka juyo gare ni, wai in raba gardama.
Na ce a garinmu ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.
Wendell ya washe baki.
Na ce kuma kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.
Eusebio ya ce, ka ji ko?
Kowa ya ɗauki nasa, ban raba komai ba.

Abin da ban faɗa musu ba:
ubana dillalin shanu ne a Maigatari.
Na ga yadda ake buɗe bakin sa a ƙirga haƙora,
a latsa tozo, a ja da baya, a yi tsaki,
a ce albarka sau bakwai kafin a ce na sallama.
Shi ya hana ni sa wa maraƙi suna.
Abin sayarwa ne, in ji shi, kar ka saba.

Nan kuwa suna ake ba shi, da lamba,
a buga a bayan riga, dala arba'in,
a sayar wa 'yata Lantana, mai shekara tara,
sannan a sayar da mai sunan.

Wata tsohuwa ta danna ham a waje,
tayarta ta gaba ta sha ƙusa.
Muka fita mu uku, gardama na biye da mu
kamar ƙudan da ya ga mangwaro:
wa zai cafke gobe, wa za a ɗauko daga ƙaramin kulob,
ko manajan ma ya san hannunsa na dama.
Ƙarfe shida kasuwa ta tashi.

Na tarar da Lantana zaune a matakala,
rigar a jikinta, ashirin da bakwai.
Ba ta tambayi gwiwa ba, ba ta tambayi bahago ba.
Ta ce, Baba, an tambaye shi?
Karensa fa, wa zai kai masa?

Na zauna kusa da ita, hannuna duk baƙin mai.
Tikitin Juma'a na aljihuna, guda biyu,
can saman bene, inda ya fi araha.
Ban fito da su ba tukuna.